A Cire Sunana Daga Takardar Magajin Haruna

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Sashen Fansho da Haƙƙin Mamata,
na ma'aikatar da ƙanena, marigayi Haruna Isyaku, ya yi wa tuƙin tarakta shekara ashirin da shida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, sunana Sa'adatu Isyaku. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Kunci. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko in ce ita ce sana'ata kafin abin da zan faɗa maka ya faru. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata, malamar firamare, ita ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na haɗa ta da Allah kada ta tausasa ko kalma ɗaya. Sau huɗu ina zuwa ofishinka a Kano, ban taɓa wuce bencin bakin ƙofarka ba, kullum sai a ce kana taro. Shi ya sa na ce a buga wannan takarda inda kowa zai gani. In ba ka karanta ba, wani zai karanta maka.

Ba ka san fuskata ba, amma sunana yana kwance cikin wani fayil a ofishinka. Saboda wannan sunan an binne saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, wani saurayin yana gidan yari, ni kuma an soya rabin jikina da man da nake cin abinci da shi. Ga yadda aka yi, daki-daki.

Na ɗaya, yadda sunana ya shiga takardarku.

Iyayenmu sun rasu cikin shekara guda, lokacin Haruna yana da shekara shida, ni kuma ina gidan mijina da goyo. Na ɗauko shi na haɗa da 'ya'yana. Ni na yi masa wanka, ni na kai shi makaranta, ni na biya kuɗin koyon tuƙinsa da ribar ƙuli. Ranar da kuka ɗauke shi aiki, aka miƙa masa fom, aka ce ya rubuta sunan wanda za a nema in ya mutu. Ba shi da uwa, ba shi da uba, bai yi aure ba. Wa zai rubuta? Ya rubuta yayarsa. Bai gaya mini ba, don bai ɗauke shi wani abu ba, ku kuma ba ku taɓa aiko mini ko da saƙon baki ba cewa an rataya mini wani abu a wuya.

Bayan shekara uku ya auri Rabi. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Babban shi ne Nafi'u, kuma a hannuna aka haife shi, ni na yanke masa cibiya don ungozoma ba ta iso ba. Ka riƙe wannan, Yallaɓai, don ka san ko waye ya zo mini da gora daga baya.

Na biyu, mutuwar Haruna.

Daminar bara waccan, kun tura shi huɗa a wata gona da ke bakin kwazazzabo. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta jiƙu. Gefen ya zabtare, taraktar ta kife da shi, ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Bai mutu nan take ba. Mutanen gonakin kusa suka taru da fartanyoyi suna haƙa ta ƙarƙashinsa tun hantsi har bayan azahar, shi kuwa yana salati yana roƙon ruwa. Da aka zaro shi ƙafafunsa ba su da siffar ƙafa. Ya cika a bayan a-kori-kura kafin a kai kwalta.

A kwana na uku kun aiko babbar mota ta ciro taraktarku. Ma'aikatanku biyu suka biyo ta, suka tsaya a ƙofar gida suka yi mana gaisuwa a tsaye, suka ce za a neme mu. Albashinsa kuma a wannan watan ya tsaya.

Na uku, abin da akawunka ya faɗa wa Nafi'u.

Ka san shekarun da muke ciki, ko da yake ban sani ba ko yadda suke zuwa mana haka suke zuwa muku. Kwanon masara ya fi ƙarfin mai aikin yini. Taki ya gagari manomi. Kuɗin mota daga Kunci zuwa Kano da dawowa ya kai abin da gida zai ci kwana uku. A cikin wannan hali Rabi ta fita takaba da 'ya'ya biyar. Ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, ta sayar da gadonta, ta koma tabarma. Nafi'u yana karatun malanta, ya ajiye ya dawo gida yana ƙwadago a gonakin mutane. Girki sau ɗaya ake yi a gidan, wata rana zogale da ƙuli kawai. Ni ma ba wata mai hali ba ce, mijina ya daɗe da rasuwa, amma duk Juma'a ina aika musu kwalbar mai da ƙullin ƙuli.

Wata tara Nafi'u yana zarya ofishinku. A kawo takardar mutuwa, ya kawo. A kawo ta mai gari, ya kawo. A kawo hoto, ya kawo. Duk zuwa sai an sayar da wani abu a gidan. A zuwansa na ƙarshe ya tsaya gaban akawun da ke tebur na biyu in an shiga, mai farin gilashi, ya ce yau ba zai tafi ba sai an gaya masa inda maganar ta tsaya. Malam Iro, tsohon abokin aikin Haruna, yana zaune a benci yana bin nasa fanshon, ya ji komai da kunnensa, kuma ya ce ko gaban alƙali zai maimaita. Akawunka ko ɗago kai bai yi ba, ya ce:

"Kai fa ka dame mu. Sunanka ba ya cikin takarda, na uwarka ma babu. Ubanka wata Sa'adatu ya rubuta. Fayil ɗin ma ya fita tuntuni, je ka tambaye ta."

Daga baya aka fahimtar da ni cewa in kun ce fayil ya fita, wai nufinku ya tashi daga wannan tebur ya hau bene zuwa wani tebur. To yaron da ya bar ƙannensa da yunwa, ya ci bashin kuɗin mota, me kake so ya ji? Ya ji an biya. Ya ji gwaggonsa ta karɓi haƙƙin ubansa tuntuni, ta ɓoye, tana aiko musu kwalbar mai.

Na huɗu, yadda gari ya ɗauka.

Ƙaddara ta sa a wannan watan na ɗauki adashin da na shekara biyu ina zubi. Iska ta yaye mini rufin ɗaki tun farkon damina, ina kwana a zaure. Na sayi kwano aka yi rufi, na sayi buhun gyaɗa biyu da ragowar. A ƙauyenmu gidaje a manne suke, gonaki a manne, ba ka sa sabon kwano wani bai ƙirga ba. Kafin sati magana ta zaga bakin rijiya da wurin niƙa: Sa'adatu ta yi rufi da jinin ƙanenta.

Juma'ar da ta biyo aka dawo mini da kwalbar man ba a buɗe ba. Na je gidan, Rabi ta shige ɗaki ta saki labule. Na tafi wurin mai unguwa da kaina na kai ƙarar kaina. Aka tara mu, na yi alwala na dafa Alƙur'ani na rantse ban karɓi ko kwabo ba, ban ma san sunana yana wata takarda ba. Nafi'u yana tsaye yana huci, ya ce to ofis ƙarya suke yi ke nan? Mai unguwa ya yi hukunci mai kyau, ya ce a je a samo a rubuce, an biya ko ba a biya ba.

Nafi'u ya je, kuka ce ba kwa ba wa wanda ba magaji ba takarda. Ni na je, zuwana na farko ke nan, kuka ce mai riƙe da makullin durowa ya tafi kwas, in dawo bayan sati uku. Layi ɗaya muke nema, Yallaɓai. Layi ɗaya mai cewa ba a biya kowa ba tukuna. Da an ba mu, da yau ba na wannan wasiƙa. Na dawo gida hannu sake, gari kuwa ya ce ai dama ba za ta kawo ba.

Na biyar, ranar da ya zo.

Sati ukun bai cika ba. Ƙanwar Nafi'u, autar gidan, ta kwanta zazzaɓi, aka rubuta musu allura, babu kuɗin saya. Ban sani ba, don ba mai gaya mini komai a lokacin. Da na sani da na ɓalle kwanon rufin na sayar.

Safiyar Laraba ce, jajibirin kasuwa. Ina tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, babban kasko a kan murhu cike da mai yana tafasa, na zuba kashi na biyu na ƙuli ke nan. Nafi'u ya shigo ba sallama, da gora a hannu. Idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe. Ya tsaya a kaina ya ce, "Gwaggo, ki ba ni kuɗin ubana."

Na ce, "Nafi'u, ajiye sandar nan ka zauna. Wallahi ba su a hannuna."

Ya ce, "Yarinya tana can tana mutuwa, ke kina soya ƙuli a ƙarƙashin sabon kwano. Ki ba ni ko na allura ne."

Na sa hannu a gefen zane zan kwance abin da ke ƙulle in ba shi. Ban san abin da ya gani ba, ko ya ɗauka shaida ce ta cewa kuɗin suna nan. Ya ɗaga gorar ya sauke. Har gobe ina cewa ba ni ya nufa ba, kaskon ya nufa, so yake ya ɓarar mini da sana'a yadda yake ganin na ɓarar da gidansu. Amma ni ce a gaban kaskon. Ya tuntsuro gaba ɗaya a cinyata. Na kai hannun dama in tare, hannun ya nutse a ciki har wuyan hannu.

Ban san zan iya irin wannan ihun ba. Zanena ya manne da nama. Na faɗi ina birgima a ƙasa, garwashin da ya watse ya kama gefen zanen, ina jin ƙaurin jikina kamar ana babbakar kan rago. Matan maƙwabta suka shigo suka yi ta kwara mini ruwan randa, wata ta ja zanen, ya taho da fatar cinyata tun daga gwiwa. Na ga farin namana da idona. Abin da na gani na ƙarshe kafin in suma shi ne Nafi'u a tsaye, gorar ta faɗi, ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa, "Gwaggo! Gwaggo!" Sai ya juya ya fita da gudu.

Na shida, ɗana Sagir.

Sagir shi ne autana, shi kaɗai ya rage a gabana. Tsakaninsa da Nafi'u wata bakwai. Tare aka yi musu kaciya, kwano ɗaya suka ci, keke ɗaya suke hawa zuwa makaranta. Gonarmu tana bayan gida, yana noma ya ji ihuna. Ya shigo da fartanya a kafaɗa ya tarar da uwarsa a kwance, fata a saɓule, mata suna kuka suna kiran sunan wanda ya yi. Ya juya da fartanyarsa. Ya fita.

Ya cim ma Nafi'u a bakin masallacin unguwa. Waɗanda suka gani sun ce Nafi'u ba gudun tsira yake ba, mai babur yake nema da zai kai ni asibiti, har ya riƙe wa wani kan babur yana roƙonsa. Sagir ya zo ta baya ya sara masa fartanya a ƙeya. Ya faɗi, ya ƙara masa a gefen fuska. Sai da maza huɗu suka danne shi kafin su ƙwace ta. Jinin ya fallatsa har bangon masallaci, sai da aka kankare aka sake shafe.

Mota ɗaya ta kai mu asibiti, ni da Nafi'u, an shimfiɗa mu gefe da gefe. Ya kwana uku bai farfaɗo ba. A na huɗu ya cika. Ina ɗakin mata ina jin kururuwar Rabi ta taga, na gane muryarta, ban iya ko tashi zaune ba. Ba a gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Sagir da ƙafarsa ya je wurin 'yan sanda. Yau watansa goma sha ɗaya a gidan yari yana jiran shari'a. Na je ganinsa sau biyu. Ba ya ɗaga ido ya dube ni. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai da gaske ne babur Nafi'u yake nema. Na yi masa ƙarya na ce ban sani ba.

Yarinyar da aka yi don ita ta warke. Mai unguwa ne ya sayi allurar a ranar da yamma.

Wata uku na yi a asibiti. Ba zan ba ka labarin wankin ciwo ba, sai dai in ce ana sa mini tsumma a baki in cije. Kwanon rufin da ya jawo magana an ɓalle shi an sayar, gyaɗar ma ta tafi, gonar bayan gida tana jingina.

Na bakwai, takardar da aka tsinta, kuma a nan nake so ka gyara zama.

Bayan an yi arba'in ɗin Nafi'u, Rabi tana kwashe kayan akwatin Haruna za ta sayar da akwatin, sai ta ga wata takarda a naɗe cikin leda a ƙasan rigunansa. Ta kai wa mai unguwa, ya sa aka karanta. Kwafin fom ɗinku ne na canjin magaji. Shekara goma sha ɗaya kafin mutuwarsa, Haruna ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya zo ofishinku ya cike sabon fom, ya cire sunana ya sa na matarsa Rabi da ɗansa Nafi'u. Ga hotunansu a manne. Ga hatiminku a kai mai cewa an karɓa. Ga sa hannun wanda ya karɓa.

Ƙanena ya yi abin da ya kamata mutum mai hankali ya yi. Ya ɓata yini, ya biya kuɗin kotu, ya kawo muku da hannunsa, ya koma gida hankalinsa kwance cewa in ya mutu iyalinsa ba za su wulaƙanta ba. Ku kuma kuka karɓa kuka jefa inda Allah kaɗai ya sani, kuka bar tsohuwar a fayil. Wato ranar da akawunka ya ce wa Nafi'u sunansa ba ya cikin takarda, sunansa yana cikin takarda, a cikin gininku, shekara goma sha ɗaya. Yaron ya mutu yana zaton ubansa ya zaɓi 'yar'uwarsa ya bar shi. Wannan ya fi ƙunar cinyata ci mini rai.

Rabi ta aiko mini takardar ta hannun mai unguwa, ba ta haɗa da ko kalma ɗaya ba. Har yau ba ma magana. In mun haɗu a hanya ta kan sauka gefe. Na san ta san ban ci ba. Amma ɗana ya kashe ɗanta, ɗanta ya nakasa ni, me za mu ce wa juna?

Na takwas, abin da ya sa na ce a rubuta wannan.

Da na fara takawa da sanda na kawo muku kwafin sau biyu. Da farko kuka ce za a duba. Na biyu kuka ce ba a ga asalin ba, kuma ba a aiki da kwafi, ko da hatiminku ne a kai. Sai ga shi watan jiya kun aiko mini takarda, ta farko da kuka taɓa aiko mini a duniya, wai fayil ya kammala, magajiya ta zo a tantance ta. Na ce to, in je in karɓa in miƙa wa marayu in huta. Na ci bashin kuɗin mota na zo.

Aka kai ni gaban na'urar ɗaukar yatsa, aka ce in dangwala babban yatsan dama. Na kwance tsumman da nake rufe hannun. Yarinyar da ke wurin ta kawar da kai. Yatsun sun manne da juna, fatar ta yi sumul kamar leda, babu zane ko ɗaya. Aka danna sau biyar, na'ura ta ƙi. Na ce ga na hagu. Aka ce wanda banki ya ɗauka tun da can na dama ne, dole su dace. Na ce to yaya za a yi? Akawun nan dai, mai farin gilashi, shi ya leƙo ya ce, "Hajiya, sai ki je in hannun ya warke ki dawo."

Yallaɓai, ya warke. Warkewarsa ke nan. Na ɗaga masa shi a fuska na ce ya duba da kyau, aikin bakinsa ne. Na faɗi sunan Nafi'u da ƙarfi har mutanen benci suka miƙe. Masu gadinka biyu suka kama ni ta hammata, inda wutar zanen ta ci ni, fatar ba ta gama haɗewa ba, suka fitar da ni waje. Kana sama a lokacin. An ce kana taro.

Na tara, abin da na fahimta, ni da ban yi boko ba.

Na tambayi limaminmu, ya ce a shari'a mutum in ya mutu ya bar ɗa namiji, 'yar'uwarsa ba ta da ko ƙwayar gero a gadonsa. Haƙƙin Haruna na matarsa ne da 'ya'yansa, Allah ya riga ya raba. To don me kuke kiran wanda aka rubuta a fom magaji? Kalmar nan kaɗai ta isa ta haɗa gida faɗa. Mutanenmu in sun ji magaji, mai ci suke ji. Ba wanda ya taɓa zaunar da ma'aikaci ya ce masa wannan wakili ne kawai da za a nema, ko kuwa shi za a danƙa wa kuɗin, balle a gaya wa iyalinsa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Tun da abin nan ya faru, masu gadi da masinjoji da direbobi daga ƙauyukan nan har wajen Shanono suke zuwa duba ni, kowa sai ya rage murya ya ce shi ma wansa ya rubuta tun yana saurayi, wani ya ce uwarsa ya rubuta kuma ta shekara goma a kabari, wani bai ma tuna wa ya rubuta ba. Duk suna yawo da irin abin da ya tashi gidanmu, ba su sani ba.

Don haka ga buƙatuna, kuma ba roƙo nake ba.

A cire sunana daga takardar Haruna. Ban sa kaina ba, mai shi ma ya cire ni da ransa. A yi aiki da canjin da ya yi, hatiminku ne a kai, in kun ɓatar da asalin ku kuka ɓatar.

A biya haƙƙinsa ta hannun kotu, a raba wa Rabi da 'ya'yanta yadda shari'a ta ce, har da rabon Nafi'u, don ya riski mutuwar ubansa. Kada kwabo ya biyo ta hannuna. A yi shi kafin damina ta faɗi, don gidan babu iri, babu mai noma.

A rubuta takarda da sa hannunka mai cewa Sa'adatu Isyaku ba ta taɓa karɓar komai ba, kuma Haruna ya sa sunan matarsa da ɗansa tun da daɗewa. A aiko wa mai unguwa a karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a, inda aka zubar da jinin. Ƙannen Nafi'u suna girma, ina so su ji daga bakinku.

A turo akawun nan gaban alƙali ranar shari'ar Sagir, ya maimaita abin da ya faɗa wa yaron, a gaban Malam Iro. Ban ce ɗana ba shi da laifi ba. Ya kashe rai, zai amsa a nan, zai amsa a can. Amma alƙali ya ji inda abin ya faro. A kuma nemo wanda ya sa hannu ya karɓi fom ɗin canji, in yana raye, a tambaye shi inda ya kai shi.

A kira duk ma'aikacin da ke ƙarƙashinku, duk shekara, a karanta masa da Hausa sunan da ke takardarsa, a tambaye shi ko yana nan a kai. Wanda ya canza a shigar a gabansa, a ba shi shaida, a sanar da wanda aka rubuta. Kuma duk maraya ko bazawarar da ta zo tambaya, a ba ta amsa a rubuce: an biya, ko ba a biya ba.

Kuɗin asibitina da gonata da sana'ata ban sa su a lissafi ba. Ba ku da abin da za ku biya su da shi.

Ranka ya daɗe, an koya mana mu yi wa shugabanni addu'a, zan kuma yi. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah ya ba ka ikon yin adalci a kujerar da ya ɗora ka. Allah ya sa ka gama aiki lafiya ka ci fanshonka da hannunka. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa 'ya'yanka su tarar da takardarka daidai, kada ya haɗa su da irin ma'aikatan da ka haɗa mu da su.

Nafi'u na yafe masa tun ina gadon asibiti, duniya da lahira, Allah ya jiƙansa ya haɗa shi da ubansa. Rabi ba ta yafe wa Sagir ba, kuma ban ga laifinta ba, ban kuma aika kowa ya roƙe ta ba. Amma ku, daga wanda ya karɓi takarda ya jefar, zuwa wanda ya buɗe baki ya yi magana ba tare da ya ɗago kai ba, zuwa kai da kake sama ba ka taɓa saukowa ba, ban yafe ba. In kun biya marayu kun sauke nasu. Nawa yana nan, sai mun tsaya gaban Allah.

Wassalam.

Sa'adatu Isyaku,
yayar marigayi Haruna Isyaku, direban tarakta,
daga ƙasar Kunci.